Littafin da Ya Gangaro Daga Itatuwa Zuwa Ciyawa

Littafi ɗaya na taɓa rubutawa a rayuwata, kuma in jama'a suna da sauran sa'a, shi ne na ƙarshe. A kan itatuwa ne. Ni ba malamin gona ba ne, ban taɓa aikin gandun daji ba. Akawu ne ni a wata ma'aikata a cikin garin Abuja, gidana kuma yana Kubwa. Duk ilimin itatuwan da nake taƙama da shi ta tagar bas na samo shi. Wanda ya san hanyar nan da safe ya san yadda mota take tsayawa cak a cunkoso, har mutum ya haddace ganyen bishiyar da ke gefensa. Wasu barci suke yi, wasu su yi ta cacar baki da kwandasta. Ni kuwa sai na zuba wa itatuwa ido, shekara da shekaru, har wata rana shaiɗan ya raɗa mini cewa ai ni masani ne.

Da rubutu ya taru, na kai wa wani mai ɗab'i a Karu, wani Bakano mai fara'a. Ya juya takardun, ya dube ni, ya ce, "Oga, wannan in aka buga shi gaba ɗaya aljihunka ba zai ɗauka ba. Mu yi shi kashi-kashi mana, kamar littattafan Kano, na ɗaya, na biyu, na uku. In na ɗaya ya tashi, shi zai haifi na biyu." Ya nuna mini yadda ake yi. Babbar takarda guda ake bugawa gaba da baya, a ninke ta sau uku ta ba da shafi goma sha shida, inji ya danna mata 'yan wayoyi biyu a tsakiya, shi ke nan kashi ɗaya ya fito. Nan take kaina ya kumbura, don na san manyan malamai ma juzu'i-juzu'i suke fitar da nasu. Na ce masa a buga.

Kashi na ɗaya, mai bayanin darbejiya da mangwaro da malaina, bai haifi komai ba. Abokan aikina suka karɓi na kyauta suna ta "Allah ya ƙara basira", bayan mako guda na hango ɗaya a ƙarƙashin ƙafar teburin ogana, wai teburin yana girgiɗi. Matata ta ɗauki ɗaya tana fifita gawayi da shi, har tana yaba mini ƙwarin takardar. Sauran na zuba a kwalaye, na tura ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi, na ce jama'a ne ba su shirya ba tukuna.

Ana cikin haka hawan jini ya buge mahaifina a Zariya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na ɗauko shi zuwa Kubwa, muka sauke shi a wannan ɗaki na baƙi.

Baba tela ne, mai ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga ya yi tun yana saurayi. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" ne sunana, in ransa ya yi daɗi kuma "mutumin nan". Bai taɓa miƙo mini hannu ba, ni ma ban taɓa tunanin miƙa masa ba. Durƙusawa nake yi in gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Haka muka tashi, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba.

Ƙafar ta dawo da wuri, bakin ma ya dawo, sai ɗan karkacewa. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe cikin tafi, ya riƙa ɓoye shi a cikin riga. Abu biyu ya ce ba zai yi ba, ko da za a yanka shi. Ba zai ci abinci a gaban kowa ba, sai dai a ajiye masa a rufe ƙofa, don da hagu yake ci. Kuma ba zai je masallaci ba, ga shi nan a bakin layinmu. Na yi lallashi, na kawo masa fatawa iri-iri a kan mai lalura. Ya ce, "Na san wannan tun ba a haife ka ba. In an sallame, na kusa da ni ya miƙo mini hannu, me zan ba shi? Hagu?" Mutumin da sahun farko bai taɓa wuce shi ba, ga shi yana sallah a ɗaki shi kaɗai. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, na rasa inda zan sa kaina.

Muka samo wata ma'aikaciyar gashin ƙashi tana zuwa gida, wata Kirista 'yar Filato, mai irin Hausar nan ta Abuja da ba ruwanta da namiji ko mace. Ranar farko ta ɗauki tsintsiya a tsakar gida ta nuna mini. Ta ce, "Oga, ka ga wannan? Nama na hannu haka yake. Zare-zare ne, an ɗaure shi ƙulli-ƙulli, wannan ƙulli an haɗa da wancan. Kowane ƙulli yana jiran saƙo daga kai. In saƙo bai zo ba, zai yi barci. In barci ya daɗe, hannu zai rufe, babu mai buɗe ta kuma." Sai ta ciro wani jan ƙwallon roba ta ba Baba, ta ce ya riƙa matsawa safe da yamma.

Baba ya dubi ƙwallon, ya dube ta, ya ce, "Da furfurata a ba ni ƙwallo?" Tana fita ya sa ƙafa ya shure shi ƙarƙashin gado.

Kullum sai na durƙusa na zaro ƙwallon nan, kullum sai ya koma. Wata Asabar ya shige can bayan kwalayen, dole na jawo ɗaya waje. Gindin kwalin ya ɓare, littattafaina suka zube a gaban Baba. Damina ta riga ta yi musu aiki, 'yan wayoyin sun yi tsatsa. Ya sa hagu ya ɗauki ɗaya, shafukan tsakiya suka zame suka faɗo kan cinyarsa. Na tsaya ina jira ya ga sunana a bango, ya san ɗansa ya zama wani abu.

Ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce, "Inji ne, Baba."

Ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ai cin amana ne. Kawo basilla da zare."

Basilla ita ce babbar allurar nan da ake ɗinka buhu da fata. Matata ta samo masa a kasuwa. Da farko abin ba kyan gani. Hagu ke turawa, dama kuwa aikinta kawai ta danne takarda, ita ma sai ta zame. Littafi ɗaya ya cinye masa hantsi guda, ɗinkin ya fito a karkace, ya warware shi yana faɗa da kansa. Amma washegari ya sake ɗauka. Da ma'aikaciyar nan ta zo ta tarar babban yatsansa yana ƙoƙarin kama zare, sai ta ja ni waje. Ta ce, "Oga, ka manta da ƙwallo. Wannan ya fi. Ko mene ne za ka yi, kada aikin nan ya ƙare." Ba a daɗe ba aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Da maganar nan ta bar ni, ni kuwa na riƙe ta ba ji ba gani.

Sannu a hankali Baba ya cire wayoyin kashi na ɗaya kaf, ya ɗinke su da zare. Ranar da ya gama, na dawo daga aiki na durƙusa na gaishe shi, ya ce yana kallon bango, "Babu saura?" Babu saura kuwa. Na ce, "Akwai na biyu, Baba, yana hanya."

Na garzaya Karu na ce wa mai ɗab'i a buga kashi na biyu, amma kada a ninke, kada a danna waya, a ba ni takarduna a shimfiɗe. Ya yi dariya ya ce, "Oga, na ga masu tsimi, amma naka da lasisi yake." Ban yi masa bayani ba. Na ɗauko takardu a ka na hau mota, Baba ya samu aikin ninki da yankan baki da reza da ɗinki. Daga nan sai na uku, sai na huɗu.

A nan matsala ta fara. Itatuwan da ake gani ta tagar bas ba su da yawa, na riga na cinye su. Dole na fita neman wasu. Aka ce mini wajen Orozo, ta hanyar Karshi, akwai sauran gonaki da kaɗanya da ɗorawa. Na shirya wata Asabar, na sa farar shadda da hula, na ɗauki biro da takarda da igiyar awo don in auna kaurin gindin bishiya. Ku dubi wautata. A garin nan, mutum mai farar shadda ya tsaya a gonar wani da igiyar awo yana rubuce-rubuce, ai kowa ya san abin da ya kawo shi. Ban gama zagaye kaɗanyar farko ba na ji an kewaye ni, maza da mata, wasu da fartanya a kafaɗa.

Wani dattijo ya ce, "Wa ya aiko ka? Wa ya sayar maka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba fili nake aunawa ba. Littafi nake rubutawa a kan itatuwa."

Sai abin ya ƙara lalacewa, don a ganinsu ko ƙaryar ma ban iya ba. Wata tsohuwa ta ce na bara ma cewa ya yi tsuntsaye yake kallo. Ina ta rantsuwa, gumi na keto mini, har Allah ya sa na tuna akwai kashi na uku a aljihuna. Dattijon ya karɓa, ya sa aka karanta masa shafi guda a kan tsamiya. Da aka gama, ya ce wa jama'a su koma aikinsu, wannan ba mai cutarwa ba ne, a dai yi masa addu'a. Daga ranar na zama ɗan gari. In na sauka daga mota, sai ka ji mata suna cewa ga mai auna bishiya ya zo.

A can na lura cewa ganyen kaɗanya da furenta a ƙulle suke fitowa, cunkus a bakin reshe. Da na bincika sai na tarar Turawa da kalma guda suke kiran irin wannan ƙullin ganye, da ƙullin zaren tsoka da ma'aikaciyar nan ta kwatanta da tsintsiya, da kuma littafin da ake fitarwa kashi-kashi. Kai, na ji kamar na tono rijiyar mai. Na dawo gida na tsare matata a kicin ina yi mata lacca, cewa ga bishiya, ga hannun Baba, ga littafina, duk abu ɗaya ne. Ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Matsa mini in sauke tukunya."

Itatuwan Orozo ma suka ƙare. Na gangaro kan ƙananan tsirrai, su tumfafiya da sabara. Su ma suka ƙare, na faɗa kan tafasa da rai-ɗore. Kashi na tara kacokan a kan ciyawa yake, har da shafi huɗu a kan ƙarangiya da yadda take kama wando. A ofis suka sa mini suna Oga Ciyawa. In an ga akuya a bakin ƙofar ma'aikata, sai a ce mai karatuna ta zo neman sabon fitowa. Mai ɗab'i da kansa ya ce, "Oga, tsakani da Allah, littafin nan ba shi da ƙarshe ne?" Kwalaye suka cika ƙarƙashin gado, suka hau kan kabad, suka fara leƙowa falo.

Duk wannan ko a jikina. Gaskiya ma daɗi nake ji. A bas in na tuna yadda nake zubar da mutuncina saboda hannun mahaifina, har ƙwalla take cika mini ido don tausayin kaina. Na ɗauki kaina cikin 'ya'yan kirki na ƙarshen zamani. Amma a ƙarƙashin wannan akwai tsoro na gaske. Ciyawar ma ta kusa ƙarewa, kuma ban san abin da zan ce ba ranar da zai sake tambaya ko babu saura.

Sai dai ga yadda rayuwar ɗan Kubwa take. Ina fita tun duhu bai washe ba don in riga cunkoso, ba na dawowa sai bayan isha'i. Juma'a a gari nake yi. Asabar ina Orozo ina bin ciyawa, Lahadi ina Karu ina duba kurakuran ɗab'i. Baba kuwa in na shigo yana zaune a gado, hannu cikin riga, ɗinkakkun littattafai a jere a kan tebur. In ce, "Baba, yaya hannun?" Ya ce, "Da sauƙi." To, wane Bahaushe ne aka taɓa tambaya jiki ya ce wani abu ban da wannan? Ranar da aka kwantar da shi a asibiti baki a karkace ma abin da ya ce ke nan. Sai in ɗauki littafi ɗaya in buɗe, in yi ta karanta rubutuna ina jinjina wa kaina. Ko sau ɗaya ban juya na dubi ɗinkin ba.

Wata Asabar motar da na hau ta lalace tun ba mu yi nisa ba, na haƙura da Orozo na juyo. Na iso layinmu daidai an sallame azahar, mutane suna fitowa daga masallaci. Na hango wani dattijo da babbar riga a tsaye a bakin ƙofa, jama'a sun kewaye shi. Aikin wuyan rigar na fara ganewa kafin fuskar. Baba ne. Wannan ya miƙo hannu ya karɓa, wancan ya miƙo ya karɓa, da hannun dama, yana kai shi ƙirji bayan kowace gaisuwa. Na tsaya a tsakiyar titi da igiyar awo a wuya, har mai babur ya zage ni.

Mai shagon bakin layinmu, wani Bakatsine, ya ga yadda na saki baki. Ya ce, "Oga, lafiya? Ai Baba tun kafin azumi yake zuwa. Azahar da la'asar ba sa wuce shi. Shi ya ɗinke mana labulen masallaci ma." Tun kafin azumi! Lokacin ina kan sabara ke nan, ban ma shiga ciyawa ba.

Na riga Baba shiga gida na tsare matata. Ta ce, "Shi ya ce kada in faɗa maka, ni kuwa in saɓa wa Baba? Kuma ai kullum yana gaya maka da sauƙi, kai ne ba ka yarda ba." Ta ce tuwo ma da dama yake ci tun tuni, har ƙofar yake bari a buɗe.

Da ya shigo ɗakinsa na bi shi na durƙusa. Murna da haushi suka haɗu mini. Na ce, "Baba, ashe hannu ya dawo?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na ce, "To me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni da nake ta bin daji..." Sai na kama bakina.

Ya zauna a bakin gado, ya duba kwalayen da ke kan kabad, ya duba na ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce, "A kan littattafan nan nake kwana. Na san ko ɗaya ba ya fita daga gidan nan. Na ga ka sa ranka a kansu, kana fita rana kana dawowa da ƙarangiya a wando. Na ce yaron nan ba shi da mai karanta masa sai ni. In na ce na warke na ajiye basilla, ai na bar ka kai kaɗai ke nan."

Na ce, "Karantawa kake yi, Baba?"

Ya ce, "Duka. Kafin in ninke sai na karanta." Sai ya ƙara da cewa, "Na kaɗanya ba laifi. Na ciyawar nan kuwa na sha wuya."

Na buɗe baki in gaya masa cewa ni ma don shi nake yi, ni ma na sha wuyar ciyawar nan. Na dubi fuskarsa, yadda ya zauna da nutsuwar wanda ya ɗauki wata da watanni yana rufa wa ɗansa asiri, sai na haɗiye maganar. Har ya koma ga Allah ban gaya masa ba, kuma har yau ban sani ba ko ya sani.

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro wani abu. Kashi tara ne ya haɗa wuri guda, ya ɗinke su da zare mai ƙwari, ya yi musu bango da ragowar shadda, ya yi ɗan aiki a gefe irin na wuyan riga. A ranar na fara duban ɗinkinsa da kyau. Ƙanana ne, a jere, babu wanda ya fi wani. Ya ce, "Ga shi na rufe shi. Ka tsaya haka, don Allah. Kada ka shiga kan gansakuka."

Na sa hannu biyu na karɓa, ina nan durƙushe. Sai na ga bai janye hannunsa ba. Yana nan a miƙe, tafi a buɗe, shi kuma yana kallon bango yadda ya saba. Na rasa yadda zan yi. Shekarata hamsin da wani abu ban taɓa wannan ba. Na ajiye littafin a ƙasa, na goge tafina a riga, na ba shi.

Ya kama ya matsa. Ya ƙara matsawa, har na ji ƙasusuwan yatsuna suna haɗuwa, hawaye ya zubo mini, ban san ko na zafin ba ne ko na wani abu.

Ya ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Bai saki ba sai da matata ta yi sallama da kwanon tuwo.